Dutsen Sidiku Mai Ganye

A tashar lori ta Bawku, in ka ce kana neman Sidiku za a tambaye ka wanne, don Sidikun suna da yawa. In ka ce Mai Ganye, ko mai koko ta bakin ƙofa za ta nuna maka gidanmu. Shi ne mahaifina. Baƙo yakan ɗauka mai magani ne, alhali direba ne, kuma sunan na tsokana ne.

Lokacin da yake da ƙarfinsa, albasa yake ɗaukowa daga Agadas ya kai Kumasi. A wata tafiya, can arewa da Agadas wajen da ake haƙar kwal, lorinsa ya mutu a kan gangara. Ya sauka ya ɗauko duwatsu biyu masu faɗi ya tokare taya. Taya ta ɗan danne ɗaya, gefensa ya ɓalle, sai ga bakin ganye baƙi ƙirin kwance a cikin dutse, har da jijiyoyinsa. A wurin da ko akuya ba ta samun abin tauna. Baba ya nemo wasu duwatsun ya tokare motar, waɗannan biyun ya sa su ƙarƙashin kujerarsa ya taho da su gida.

Da ya ba da labari a tasha, aka ce ya nuna. Abin da ya fito na ganyen bai fi farcen babban yatsa ba. Amininsa Sayibu, wanda bakinsa bai san birki ba, ya leƙa ya ce baƙin mai ne ya ɗiga. Baba yana da zuciya, a wurinsa na gaji tawa. Ya ɗauko dutse na biyu, wanda shi ma yake da baƙin layi a gefe, ya ɗaga sifanar taya ya sauke masa da iya ƙarfinsa don ya buɗe kowa ya gani. Dutsen ya ruguje. In ma akwai ganye a ciki, ya zama gari, iska ta kwashe. Sayibu ya ce, "To, Mai Ganye, a ɗora tukunya mu yi miya?" Tasha ta ɗauki dariya, suna ya kama. Baba ya naɗe ɗayan dutsen a tsohon buhun albasa ya ajiye a kan kabad, bai ƙara yarda ƙarfe ya kusance shi ba.

Ni na girma, na yi aure a Salaga, na buɗe shagon ɗinki inda nake yi wa rigunan saƙi na batakari aikin wuya. Da Babbar Sallah na je gida, na tarar da Baba yana zuba shayi a gefen kofi, yana zuba yana hira, bai sani ba. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma kamar mai leƙe ta ramin kara yake gani da shi, ramin kuwa ƙara tsukewa yake. Magani na jinkirta abin, amma ba ya dawo da wanda ya tafi.

Ranar da zan koma ya sa ƙanena Razak ya sauko da buhun.

"Munawara," ya ce, "ke ce mai hannun allura a gidan nan. Ki buɗe mini shi. Ina so in ga ganyen nan gaba ɗayansa tun ina da abin gani."

Razak fita ne, gyaran babur yake yi, kuma a ganinsa duk matsalar duniya injin yanka ƙarfe ne maganinta. Ya ce, "Baaba, wannan ba komai ba ne koraa. Ba ni shi in sa mai garanda, yanzu-yanzu na gama."

"Kai da ka gyara mini rediyo ya koma kama Togo kaɗai? Cire hannunka."

Na yi dariya, amma da na ɗaga buhun na ji nauyinsa har cikin ƙirjina. Dutse ɗaya ne ya rage, ido ma ɗaya, ni kuwa ban taɓa fasa ko da ƙwarya da gangan ba.

A Salaga ina zaune da surukata, Mma Atikatu, mai sayar da goro a bakin kasuwa. Mace ce mai kirki har ya yi yawa, kuma ta yi imani da man kaɗanya kamar yadda wasu suka yi imani da asibiti. Kaushi, tari, ƙofa mai ƙara, takalmin fata, jariri, duk magani ɗaya ne. Na ajiye dutsen a kan tebur, na gaya mata dukiyar Baba ce, na tafi shago. Da na dawo da yamma ta tare ni tana murmushi.

"Kayan Baabanki ya yi ƙura sosai. Na goge shi da ɗan ruwa, na shafa mai ɗan man kaɗanya. Zo ki ga yadda yake ƙyalli."

Yana ƙyalli kam. Bakin ganyen nan da Baba ya shekara da shekaru yana tsaro kuwa babu shi, sai wani tabo mai maiƙo. Ya bi tsumma ya tafi. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Maganar da ta taso mini ta kai har wuya, amma uwar miji uwa ce. Na ce, "Sannu da aiki, Mma," na fita bayan gida na zazzage wa awakin maƙwabta duk abin da ke bakina. Ba su yi mini komai ba, Allah ya ba su haƙuri. Mma ba kurma ba ce, ta ji, ta kuma gane. Daga ranar ta daina haɗa ido da ni.

Maigidana Tajudeen ne ya tuna da tsohon malaminsa na sakandare, Masta Abdul-Nasir, wanda ya karanci ilimin duwatsu a Tarkwa, ya yi aiki da masu haƙa borhol, yanzu ya yi ritaya a Yendi. Washegari na rufe shago na bi motar Bimbilla, buhu a kan cinyata.

Gidan Masta ba ya ɓata. Wasu suna jera tukwanen fure a baranda, shi duwatsu ya jera. Badagombe ne, dogo, mai farin gemu, kuma Hausarsa ba ta san mace ba: da ni da Tajudeen duk "kai" muke. Ya juya dutsen a hankali, ya duba gefensa da ƙaramin gilashi, sannan ya kai shi hanci.

"Man kaɗanya," ya ce. "Wa ne ya so shi ci dutse?"

Na ba shi labari tun daga gangarar Agadas har zuwa tsumman Mma. Bai yi dariya ba sai da na gama, sannan ya yi mai isarsa. Ya ce kada in tsorata, abin da ke ciki yana nan lafiya muddin dutsen yana rufe. Ya ce wurin da Baba ya tsaya, a wani zamani mai nisan gaske fadama ce mai itatuwa. Ganye ya faɗa cikin laka, laka ta rufe shi, wata ta hau kanta, har ta zama dutse. Ganyen kansa ya ƙare, abin da ya rage ɗan baƙi ne wanda bai kai kaurin baƙin gindin tukunya ba.

"Shi ya sa ruwa maƙiyinsa ne. Mai maƙiyinsa ne. Yatsa ma maƙiyinsa ne. Ka taɓa, shi bi hannunka."

Na tura masa dutsen na ce, "To Masta, don Allah ka buɗe mana."

Ya ɗago hannuwansa biyu ya nuna mini. Rawa suke yi kamar na mai zazzaɓi. "Hannuna ya riga ni ritaya. Kai za ka buɗe, ni zan koya maka."

Ya nuna mini gefen dutsen, na ga ashe hawa-hawa yake, kamar yadi a ninke. Ya ce ganyen yana kwance a tsakanin ninki biyu, kuma dutsen da kansa yana son ya rabu a nan, don nan ne ya fi rauni. Aikina in nemo wannan layin daga inda tabon yake, in bi shi da allin ɗinki har in zagaye dutsen. Sai in cika ƙaramar jaka da yashi in kafa shi a kai, in ɗaure shi da ƙyalle don ko wani gefe ya ɓalle kada ya faɗi ƙasa. Ya ɗauko siririn kurfi, wato ƙarfen sassaƙa mai faɗin baki, da wata 'yar guduma wadda ko ƙusa ba za ta kora da kyau ba. Ya ce in ɗora bakin kurfin a kan layi in ƙwanƙwasa kaɗan, in matsa gaba in ƙwanƙwasa, in yi ta zagayawa. Kada in tsaya wuri ɗaya, kada in sa kurfi in banƙare. In kuma sa tabarau, don ido ɗaya da muke kuka a kansa ya ishe mu.

"Ka saurara da kunne. Dutse mai lafiya yana ƙara siriri. Idan tsaga ya shiga, muryansa zai mutu. Lokacin nan ka ajiye guduma."

Ya ce kada in taɓa dutsen Baba tukuna. In nemi duwatsun da ake fitarwa daga rijiya a Salaga, masu hawa-hawa, in koya da su. Ya ce namu na nan sun girmi ganye a duniya, ba zan ga komai a ciki ba, amma tsagewarsu kusan iri ɗaya ce. In yi ta fasawa har sai na buɗe da yawa a jere ba tare da ko ɗaya ya karye ba.

Na ce, "Masta, babu lokaci. Idon Baba ba zai jira ni ba."

"Na sani. Amma idan ka yi sauri, gari zai gani. Ya riga ya ga gari sau ɗaya."

Da zan tafi ya ƙara da cewa in tambayi Baba ainihin inda ya tsinci dutsen, da yadda wurin yake, don dutsen da ba a san garinsu ba rabin darajarsa ta zube. Na yi masa godiya, na miƙa masa goron da Mma ta ƙulle mini. Ya karɓi goro, ya ƙi karɓar komai bayan shi.

Wani maƙwabcinmu yana haƙa rijiya a lokacin, sai na zama mai kwashe masa duwatsu kyauta. Mutanen unguwa suka fara yi wa Tajudeen jaje a ɓoye. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, to ni ban ga romo ba, tsakuwa na yi ta tarawa a tsakar gida. Na farko ya rabu uku. Na biyu ya ruguje. Wanda ya fara buɗewa da kyau kuwa, murna ta sa na sa kurfi na banƙare, ya karye a tsakiya. Masu batakari suna zuwa shago suna tarar da kwaɗo, suna biyo ni gida su same ni da tabarau da ƙura har gira.

Baba yana kira kullum bayan la'asar. Tambayarsa ɗaya ce: "Kin fara?" Ina cewa ina kan shiri. Wata rana na ce, "Baba, Masta ya ce ka gaya mini daidai inda ka tsince shi."

"Shi malamin ne ya ce a tambaye ni?"

"Shi ne."

Labarin nan na ji shi tun ina goye, amma ban taɓa jin sa kamar ranar ba. Duk tsawon shekarun nan shi ne yake bin mutane da labarin, yau ga shi an zo an roƙa. Ya faɗi sunan ƙauyen da ya wuce, da launin tudun, da inda rana take, da yadda duwatsun suka zubo daga bangon da aka yanka don hanya. Bai tsaya ba sai da batirin wayata ya mutu. Da na sa caji, Razak ya kira da murya ƙasa-ƙasa.

"Yaaya, ki yi sauri. Yau Baaba ya buga goshi da ƙofa, da rana tsaka."

Washegari na fasa duwatsu fiye da kullum, kuma duk na lalata su. Ina ƙwanƙwasawa ina ganin goshin Baba, hannuna yana ƙara nauyi ban sani ba. Mma Atikatu tana zaune can gefe tana gyara goronta a cikin ganye. Tun ranar man kaɗanya gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Sai na ji ta yi gyaran murya.

"Munawara, kina dukansa kaman ya yi miki laifi."

Na ɗago, na shirya haɗiye wata maganar. Ta matso da kujerarta, ta ɗauki goro ɗaya fari, ta sa farce a kan tsagarsa. Ba ta danna ba. Ta bi layin tana ɗan matsawa, ta juya shi, ta ɗan matsa, ta sake juyawa. Goron ya buɗe biyu a tafinta, ko ƙwarzane babu.

"Goro da kansa yake buɗewa, hanya kawai ake nuna mai. Ni ban san dutse ba, kin ga abin da na yi. Amma na iya riƙe abu. In kin yarda, ni in riƙe, ke ki buga."

Abin da Masta ya faɗa ne, ba ragi ba ƙari, sai dai shi da baki ya faɗa, ita ta sa na gani. Kuma na lura da abin da ban lura da shi ba: ina riƙe kurfi da hannu ɗaya, guduma da ɗaya, dutsen yana ɗan motsi a kan yashi, ni kuma ina ƙara ƙarfi don in rama. Ta wanke hannunta da sabulu har sau biyu ba tare da na ce komai ba, ta shanya su, ta kama dutsen rijiya. Ya buɗe sumul. Na gaba ma haka. Muka yi kwanaki muna yi, ita tana riƙe tana ba ni labarin kasuwar goro ta da, ni ina ƙwanƙwasawa, har tsakar gidanmu ta cika da duwatsu masu kama da faranti.

Wata safiya bayan mun karya, na ɗauko dutsen Baba. Na zana layin da alli, na ɗaure shi da ƙyallen atamfa, na kafa shi a kan yashi a inuwar baranda. Mma ta yi bismillah ta kama. Na fara. Ƙarar siririya ce, kamar cokali a bakin kofi. Na zagaya, ban ga komai ba. Na sake zagayawa. Gumi yana bin bayana, na goge tafina a zane don kada danshi ya kai ga dutsen. Ban san zagaye nawa na yi ba, sai a wani gefe ƙarar ta mutu, ta koma kamar an ƙwanƙwasa kabewa. Wata tsaga siririya kamar zare ta fito, ta bi allina da kanta, ta sha kwana ta ɓace ta baya.

Hannuna ya tafi zai cusa kurfi ya banƙare. Mma ta saki gefe ɗaya ta cafke wuyan hannuna.

"Bari."

Na bari. Muka kwantar da dutsen, na kwance ƙyallen, na sa yatsuna a gefe da gefe na ɗaga saman kamar murfin tukunya.

Ba ganye ɗaya ba ne, reshe ne guda. Kara siriri ya taso daga ƙasa ya ɗan karkata, ƙananan ganyaye sun jeru dama da hagu kamar na ɗorawa, kowanne da jijiyarsa, baƙi a kan toka-toka. A jikin murfin da ke hannuna kuma ga shi nan dai, amma ba baƙin, sai sawunsa da ya nutse a dutse. Mma ta ce, "Allahu akbar," ta rufe bakinta da gefen mayafi don kada numfashinta ya kai. Ni kuka na yi, na juya kaina gefe saboda hawaye ma ruwa ne.

Wani ɓawon dutse ya rufe gindin reshen. Wannan kam aikina ne. Na kafa allurar ɗinki a jikin guntun itace don in samu mariƙi, na yi ta ɗaga ɓawon kaɗan-kaɗan, ina tura allurar waje, nesa da ganyen, ina share ƙura da burushi mai laushi na hoda. A nan na yi asarar ƙaramin ganye ɗaya, ya tashi tare da ɓawon. Ya yi mini ciwo, amma na tsaya a nan, ban bi sauran ba.

Da zan kai wa Baba, na biya ta Yendi. Masta ya daɗe yana kallo da gilashinsa. Sannan ya ce tun da yake bai taɓa riƙe irinsa ba sai a hoto, kuma Baba bai yi ƙarya ba ko da ta kalma ɗaya. Ya naɗe kowane ɓari daban da takarda mai laushi, ya ce kada in sa auduga don tana kama baƙin. Ya jera su a kwali, ya cika gefe da tsumma.

"Mai baƙin nan, ba wanda zai taɓa. Ba ruwa, ba yawu, ba numfashi kusa. Ɗayan, idan hannu ya bushe, ana iya shafawa a hankali."

Na yi ta yi masa godiya. Ya ce in gaishe da Baba, in ce masa wani malami a Yendi yana kishinsa.

Daga Yendi ta Gushegu har Bawku kwalin yana kan cinyata. Yaron mota ya so ya ɗora shi sama tare da doya da akuya, na tambaye shi ko ya gaji da zaman lafiya ne. Duk ramin da muka faɗa sai na ɗaga kwalin sama, har matar da ke kusa da ni ta tambaya ko ƙwai ne.

Na tarar da Baba a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Ya gane muryata, ya yi murmushi, amma idonsa bayan kafaɗata yake kallo. Na sa Razak ya fito da shi fili inda haske yake, na buɗe kwali, na kori Razak baya da faɗa don ya sunkuyo yana huci a kai. Na riƙe ɓari mai baƙin a gaban Baba. Ya juya kai dama, ya juya hagu, yana neman ramin nan da yake leƙe ta ciki. Ya daɗe yana nema.

"Ina ganin duhu-duhu a tsakiya," ya ce. "Shi ne?"

"Shi ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. Na makara. Duk duwatsun rijiyar da na tsaya fasawa suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, na fara ba shi haƙuri. Sai maganar Masta ta faɗo mini. Na ɗebo ruwa na wanke wa Baba hannu, na goge da tawul har ya bushe ƙayau, na ɗora masa ɗaya ɓarin a cinya, na kai yatsansa gindin reshen.

Yatsan ya tsaya, sannan ya fara tafiya. Ya bi karan zuwa sama, ya dawo, ya shiga ƙaramin ganye na farko, ya fita, ya shiga na biyu. Fuskarsa ta canza.

"Ga kara. Ga 'ya'yansa, nan da nan. Munawara, ashe reshe ne! Ni da nake ta cewa ganye, ashe ma rage labarin na yi." Ya yi dariya har da tari. "Razak, je ka kira mini Sayibu."

Sayibu ya zo yana dogara sanda, tun daga zaure yake cewa wace miya aka dafa. Da ya ga abin da ke cikin kwali sai bakin ya mutu. Ya durƙusa da ƙyar, hannuwansa a baya yadda na umarce shi.

Baba ya ce, "Nawa idon ya tafi, naka zan ara. Faɗa mini abin da ka gani, kada ka rage."

Sayibu ya faɗa. Ya ce baƙi ne kamar an zana da tawada, ya ce ƙananan suna raguwa in an doshi sama, na ƙarshe bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya ce akwai gurbin ɗaya da ya ɓace a ƙasa. Sannan ya ce, "Ganye ne, Sidiku. Wallahi ganye ne."

Baba ya ce, "To a ɗora tukunya?"

Sayibu ya sa gefen rigarsa yana goge ido. Baba kuwa yatsansa ya kai gefen da ke da maiƙo, ya shinshina, ya tambaya. Na gaya masa komai: tsumman Mma Atikatu, da goronta, da yadda ta riƙe dutsen, da yadda ta cafke hannuna. Ya ce Allah ya saka mata, ya saka wa malamin Yendi.

Sai ya ce a matso masa da kwalin zai yi addu'a. Baba bai taɓa yi wa sabon abu addu'a bai tofa masa ba. Ya tofa wa lorinsa, ya tofa wa keken ɗinkina, ya tofa wa kowane jariri da aka haifa a gidan nan. Ga ɓari mai baƙin a buɗe a gabansa, ga shi ya ɗaga hannu ya fara karatu, kuma ba a haifi 'yar da za ta katse ubanta a tsakiyar addu'a ba. Na runtse ido. Na ce a raina, nasa ne, in ya so ya wanke shi da yawu.

Ya kai ƙarshe, muka ce amin. Ya tattara leɓe, sai ya tsaya.

"Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Na ji faɗan da kika yi wa Razak. Rufe kwalinki, miƙo hannuwanki."

Na miƙa. Ya lalubo su, ya juya tafin sama, ya tofa a kai sau uku, ya haɗa su ya riƙe cikin nasa.

"Dutse ya tsare kansa tun ba a yi mu ba. Waɗannan nake roƙon Allah ya tsare. Rabi naki ne, rabi ki kai wa surukarki."

Na ce, ina share hanci, "Baba, kafin in kai Salaga ai na yi alwala ba adadi."

"Albarka ba baƙin ganye ba ce, ba ta bin ruwa."

Na bar masa ɓarin da ake shafawa, yana nan kusa da matashinsa, Razak ya ce duk wanda ya shigo gaisuwa sai an wanke masa hannu an goge. Mai baƙin kuma yana cikin kwali a kan kabad, Sayibu ne ya naɗa kansa mai nuna wa baƙi.

Da na koma Salaga na sami Mma Atikatu a tsakar gida, ta gama shafa wa jikanta mai, hannuwanta suna naso har gwiwa. Na durƙusa na ce Baba ya ba ni saƙo, ta miƙo hannu. Ta ja su baya da sauri ta ce in bari ta wanke tukuna, man kaɗanya ne. Na kamo su haka nan, na daɗe ban saki ba.